Ledar da Baba Ya Naɗa wa Keke

Abin da zan faɗa a wannan babi ya daɗe da faruwa, ban kuma rubuta komai a lokacin ba, saboda haka mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Ina jin dai ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, lokacin da Gusau ta cika da baƙin ma'aikata masu neman ɗakin haya, man fetur kuma ya yi wuya har mutum kan wuni a layi ya dawo gida da galan ba komai. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi ne, a wurin sunan da aka yi kwanan baya na ji 'yata Hafsatu tana ba yara labarin yadda na sayo keken Turawa ya kayar da kakanta a hawan Kwatarkwashi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Haka yayana Lawali ya ba ku labarin, ba kuma ƙarya ya yi ba, iyakar abin da ya gani ke nan. Akwai dai ɗan abin da bai gani ba, kuma ina tsoron in tafi da shi.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Bungudu, aikina na farko bayan na gama jami'a, ina zuwa gida Gusau duk ƙarshen mako. Yaya Lawali direba ne, yana jan mota tsakanin Gusau da Tsafe. Mahaifinmu kuwa, ko da yake ya daɗe da zama a gari, zuciyarsa tana gonar gado da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi, inda yake shuka dawa da gero da 'yar gyaɗa. A kan tsohon baƙin kekensa yake zuwa, irin mai nauyin nan da ba shi da giya, ya fita bayan sallar asuba ya dawo kafin magariba. Bai yarda da mota ba. Cewa yake mota sai ta cika take tashi, gona kuwa ba ta jiran fasinja. Da ka bar kwalta akwai wata hanyar burji mai hawa, ba wani dogon hawa ba ne ga saurayi, amma a shekarar nan gwiwoyin Baba suka fara ƙin sa. Ya koma sauka yana turawa, daga baya turawar ma sai ya tsaya ya huta. Innarmu ce ta fara lura, don ita ke dafa masa ruwan gashi.

Yaya Lawali ya ce maganin abin ɗaya ne: Baba ya ajiye keke, a ba wani mutumin can, Ɗanjuma, aron gonar, a riƙa kawo mana abin da ya samu. Ba mugunta ba ce, ina so ku gane wannan. Mutum ne da kullum yake kan hanyar, ya ga abin da manyan motoci ke yi wa masu keke. Amma ni na san in aka raba Baba da gonar nan, zama zai yi a zaure yana kallon masu wucewa har ya ƙare. Ban iya jayayya da Yaya ba, ban taɓa iyawa ba. Sai na nemi wata hanya. Na yi makonni ina zagaya wani mai sayar da kekunan gwanjo a Sabon Gari, in duba in tafi, in dawo in sake dubawa, har mutumin ya fara ce mini mai sintiri. Daga ƙarshe na ɗauki wani shuɗi mai giya, mara nauyi, na sa aka ɗaura masa kariya ta ɗora kaya a baya.

Da na shigo da shi gida Baba yana zaune a kan buzu. Ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wanga kuma na wane ne?"

"Naku ne, Baba. Yana da giya. In kun zo hawa sai ku tura wannan ɗan ƙarfen, feda ta yi laushi."

"Keke da giya awa tirela? To ina kwandastan?"

Inna ta yi dariya daga bakin murhu. Bai taɓa shi ba ranar, bai kuma taɓa shi ba makon da ya biyo baya. Na koma Bungudu ina ta saƙe-saƙe, ko na yi rashin ladabi ne, ko ya ɗauka cewa nake ya tsufa. Sai wata Juma'a na dawo Inna ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa ya hau, ya je gona ya dawo, bai kuma nemi ruwan gashi ba. Ta ce kada in nuna na sani. Haka ya ci gaba da hawa duk bazarar nan, yana kai taki yana sharar gona, keken bai taɓa ba shi matsala ba. Ku riƙe wannan, don daga baya shi ya taimake ni.

Yanzu sai in gaya muku wata al'ada da ta kusa ɓacewa. A zamanin nan mutumin da ke ƙaunar kekensa ba ya barin sa tsirara. Akwai wata siririyar leda mai launi da ake sayarwa a naɗe, da ita ake naɗe ƙarfen keke kaf, don kada fenti ya goge, don kuma ado. Wasu kan kai wa masu yi, amma Baba da hannunsa yake yi, an kuma san shi da iyawa, naɗinsa ba ya kwancewa, ba ka ganin ƙarfe ko kaɗan. Ana dab da saukar damina na dawo na iske shuɗin keke ya koma kore da ruwan ɗorawa, launi na bin launi, a matse kamar fatar ganga. Inna ta ce kwana biyu ya yi a kansa, ko barcin rana bai yi ba. Baba ba mutum ne mai cewa na gode ga ɗansa ba, ba a yin haka a gidanmu. Wannan naɗin shi ne godiyarsa, na kuma gane. Ban tuna wani abu da ya faranta mini rai kamarsa ba a duk shekarun nan.

Bayan an yi shuka sai ƙorafi ya fara. Baba ya ce keken ya koyi taurin kai. In ya tura ƙarfen giya sai da ƙarfi, in ya dawo da shi kuma babu abin da ke faruwa, sai can an jima, ba zato, sarƙa ta yi ƙara ta faɗa inda ta ga dama. Na sa mai a sarƙa, na ce ƙila ƙasa ce. Bai daina ba. Ana cikin noman farko, wata ranar Laraba in ban manta ba, Yaya Lawali yana dawowa daga Tsafe da fasinja ya ga mutane sun taru a bakin kwalta wajen mararrabar gonarmu, ya tsaya, ashe Baba ne aka tallabo. Yana tsakiyar hawa, ya miƙe ya danna feda da ƙarfinsa, sarƙa ta yi tsalle, ƙafarsa ta zame, ya faɗi a kan duwatsu. Allah ya kiyaye babu karaya, amma kafaɗa ta gurɗe, gefen fuska ya ɗaye. Yaya ya sa shi a gaban mota, ya jefa keken a but, ya aiko mini Bungudu cewa in zo in ga aikina.

Ba zan manta shigata gida ba. Baba yana kwance a rumfa an ɗaure masa kafaɗa, Inna tana masa fifita, Yaya yana tsaye da makullin mota a hannu.

"Ga injiniya nan ya iso," in ji shi. "Shekara nawa anka yi ana biya maka makaranta, ka rasa abin da za ka kawo gida sai abin kashe tsoho."

"Kai, bar shi ya zauna tukuna," in ji Inna.

"Ya zauna. Amma maganar keke ta ƙare. Na yi magana da Ɗanjuma, zai karɓi gonar ya ƙarasa noman bana."

Baba ya juya fuskarsa wajen bango. Wannan juyawar ta fi tsoratar da ni a kan maganar Yaya, don Baban da na sani da ya tashi da faɗa. Na roƙi a ba ni keken in duba. Yaya ya ce in ɗauka in kai bola in na ga dama.

Na fara kai shi wurin Malam Iro, mai gyaran keke a Sabon Gari, mutumin kirki, shi ke yi wa Baba gyara tun muna yara. Ya ɗaga, ya juya feda, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce ai irin waɗannan duk haka suke ƙarewa, abin da suke yi musu shi ne a cire tarkacen giyar gaba ɗaya, a rage tsawon sarƙa, ya koma keke kamar na kowa. Ya riga ya ɗauko guduma. Na ce ya dakata. In aka yi haka an komo gidan jiya, Baba ba zai iya hawan ba. Malam Iro ya ce to shi iyakar saninsa ke nan, Allah ya ba da sa'a. Na ɗora keken a saman mota na tafi da shi Bungudu.

A bayan ɗakina akwai wata darbejiya. Na rataye keken a reshenta da igiya, duk yamma bayan an tashi makaranta in zauna gabansa. Ni ba bakanike ba ne, tarihi na karanta, abin da kawai nake da shi shi ne halina na maimaita abu har mutane su gaji da ni. Na lura a baya akwai faifai masu haƙora manya da ƙanana, akwai kuma wani ƙarfe mai gwiwa da ke ɗaukar sarƙa daga wannan faifai ya kai ta wancan. In na tura shi da yatsa yana tafiya sumul, in na sake shi ya dawo da kansa. Ke nan ba shi ne mai laifi ba, ko da yake na sake gwadawa sau da yawa kafin in yarda. Abin da ke jan sa wata siririyar waya ce da ta taso tun daga hannun keke. Na kama ta daga baya na ja, ta ƙi motsi. Na bi ta da yatsa, na bi ta, har inda ta shige ƙarƙashin koriyar leda ta ɓace.

Na daɗe a zaune. Ban so ya zama haka ba, don haka na ƙi yarda. Ranar Asabar na koma wurin mai kekunan gwanjo na duba 'yan'uwan keken, na ga duk wayarsu a fili take, tana bin jikin ƙarfe ba ta taɓa shi, a miƙe kamar tsirkiyar garaya, in ka motsa giya ka gan ta tana zamewa gaba da baya. Baba ya haɗa ta da ƙarfen ya naɗe, da irin matsin nan nasa da ake yabo. Ruwan damina kuma ya shiga ya kwanta a ciki. Shi ya sa in ya saki giya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya wayar ba ta tafiya, tana maƙale, sai ya shiga gargadar burji ta girgiza ta kuɓuce, sarƙa ta faɗa giya mai tauri daidai lokacin da ya fi bukatar mai laushi. Na tuna kuma duk bazara lafiya lau yake, kafin naɗin.

To gyaran ba wuya. Wuyar ita ce bakin da zai faɗa. Yaya za a yi in tsaya gaban Inna da Yaya Lawali in ce wa Baba hannunsa ne ya kayar da shi, kuma da abin da ya yi don ya nuna ya karɓi kyautata? Yaya ma zai samu hujja, ya ce kun gani, tsufa ne, bai san ma abin da yake hawa ba. In kuma na yanke ledar a ɓoye, wannan ya fi muni. Na yi kwanaki ina juya abin, har shugaban makarantarmu ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Lokaci kuma yana tafiya, ciyawa tana cin gona, Ɗanjuma yana jiran amsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shigo da keken tsakar gida, da sabuwar waya a aljihuna. Baba ya fara iya tashi zaune, Yaya ya zo cin abinci. Na durƙusa.

"Baba, na gano abin. Wayar giya ce ta yi tsatsa. Tsohuwa ce tun da na saye shi, da na canza ta tun farko da ba a yi haka ba. Laifina ne."

Ban ce duk ƙarya ba ce, don tsatsar tana nan, wayar kuma tsohuwa ce. Amma na san abin da na bari ban faɗa ba.

"Ai mun sani laifinka ne," in ji Yaya. "Sai mi?"

"A ba ni dama sau ɗaya. In na canza ta ya sake yin tsalle, ni da kaina zan je in kira Ɗanjuma."

Yaya ya dubi Inna, Inna ta dubi Baba. Na ce sai dai wayar tana ƙarƙashin leda, ba ta fita sai an warware, ni kuwa ban iya ba, ina tsoron in ɓata. Baba ya ce a matso masa da shi. Da hannu ɗaya mai lafiya ya nemo bakin ledar, yana warwarewa a hankali, Inna tana naɗe masa a kan tsinke don kada ta cukurkuɗe. Da ya zo kan dogon ƙarfen da ke gangarawa wajen feda, sai ledar ta fara fitowa da wani jan layi a cikinta, sawun waya, ya nutse kamar an zana da wuƙa. Na ga ya tsaya. Ya kai ledar kusa da idonsa, ya shafa layin da babban yatsa. Ya taɓa wayar da ta samu sarari, ta motsa. Ni dai na sunkuyar da kai ina neman filaya da ke gabana.

Na zura sabuwar waya, na shafa mata ɗan man keke. Sai aka zo saiti, wanda sai tayar baya tana sama. Babu darbejiya a gidanmu.

"Yaya, don Allah ɗaga mini bayan."

"Ni ne ma kwandastan naka ke nan?"

Amma ya ɗaga. Ina juya feda ina sauraro. A inda waya ke shiga ƙarfen baya akwai wani ɗan noti da ake murzawa da yatsa, shi ke ƙara mata ɗauri ko ya sassauta. In ta yi sako-sako sarƙa ta ƙi hawa babban faifai, tana ta ƙarar kacau-kacau, in ta yi tauri kuma ta ƙi saukowa. Ina murzawa kaɗan-kaɗan, in wuce in dawo, Yaya yana cewa hannunsa zai tsinke, wai ko injin jirgi ne da yanzu an gama. Can sai ƙarar ta ɗauke. Na tura giya, sarƙa ta hau tak. Na dawo da ita, ta sauko tak. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na sake bi, na sake, har Inna ta ce to ya isa haka, abinci na hucewa.

Yaya ya ci ya koma tasha. Inna ta shiga ɗaki. Baba ya ce in riƙe masa keken zai mai da ledarsa. Ban shirya abin da zan ce a nan ba. Ya fara daga sama kamar yadda ya saba. Da ya iso inda waya take, sai na ga ya ɗaga ta da ɗan yatsa, ya zura ledar ta ƙarƙashinta, ya zagayo, ya sake zurawa ta ƙarƙashi. Kowane zagaye haka, da hannu ɗaya, aikin da ya ninka na farko wahala. Bai dube ni ba. Sai da ya kusa kaiwa ƙasa ya yi magana, a hankali, kamar da keken yake.

"Wagga waya halinka gare ta, Sama'ila. In anka matse ta ba ta aiki."

Iyakar abin da ya taɓa faɗi a kan maganar ke nan, har ya bar duniya.

Da kafaɗa ta warke muka tafi tare, shi a kan mai giya, ni a kan tsohon baƙin kekensa, don Yaya ya ce sai da ɗan rakiya. Damina ta yi kyau shekarar, duwatsun Kwatarkwashi sun yi kore har wuya, ruwa na gangarowa ta tsagoginsu. Da muka bar kwalta na ji ƙarar giyarsa sau ɗaya, tak, na ga ya haye a zaune, babbar rigarsa na kaɗawa. Ni kuwa ban kai rabi ba na sauka ina turawa ina haki. Na iske shi a sama ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa yana jirana.

"Da wanga na yi shekara da shekaru ina hawa," in ji shi. "Kai ga ka da digiri."

Ba a kira Ɗanjuma ba. Baba ya ci gaba da zuwa gonarsa damina da dama bayan haka, har sai da idonsa ya raunana ya ajiye da kansa, ba wanda ya sa shi. Ni kuma sunan injiniya ya bi ni. Yaya ya kai labarin tasha, daga tasha ya isa Tsafe, har a Bungudu ɗalibai sun ji. Ba zan ce bai dame ni ba, musamman da yake a lokacin ina neman auren mahaifiyarku, aka kai wa iyayenta cewa ni ne wanda ya kusa kashe ubansa da keke. Wani lokaci nakan yi tunanin ko Baba zai gyara maganar a gaban mutane. Bai yi ba, ni ma ban nema ba, ina jin kuma da ya yi ɗin da ya ɓata abin da ke tsakaninmu.

Keken yana nan a ɗakin ajiya na gidan Gusau, bayan buhunan dawa. Tayoyin sun mutu, koren ya koɗe. Duk wanda ya je a cikinku ya sa yatsa a kan dogon ƙarfen, zai ji waya a sama, leda a ƙasa.

Inna ta rasu, Malam Iro ma haka. Saura Yaya Lawali da ƙila wasu daga cikin waɗanda suka tallabo Baba ranar. In akwai inda na kuskure, ko ranar, ko wanda ya faɗi me, ina roƙon su aiko mini in gyara tun ina iyawa. Yaya kuma, na san za a karanta maka wannan. Ka yi haƙuri da na bar ka kana ba da rabin labari duk shekarun nan, kuma in ka riga ka sani ka yi shiru ne kai ma, don Allah ka gaya mini.